Ƙaunar da Ba Ta Ciniki, da Shirin da Ba a Aro



Akwai misalai biyu na Yesu Almasihu da suke ɗaure wa mai karatu kai idan ya jera su. Na farko yana cikin Luka sura 15. Yaro ya nemi rabon gadonsa tun mahaifinsa na da rai, ya tafi uwa duniya ya cinye, yunwa ta koro shi gida. A al'adar Yahudawan wancan zamani, kamar a tamu, wannan tsiya ce da ta isa a sallama ɗa. Amma dattijon ya hango shi daga nesa, ya ajiye girma ya sheƙa da gudu ya rungume shi, kafin yaron ya gama ba da haƙuri. Na biyu yana cikin Matiyu sura 25: 'yan mata goma suna jiran ango da dare, biyar sun yi tanadin man fitila, biyar ba su yi ba. Ango ya makara, man ya ƙare, masu sakaci suka fita saye, kafin su dawo an rufe ƙofa.

To, ƙofar a buɗe take ko a rufe?

Amsar bangaskiyar Kirista ita ce ƙaunar ce ta riga, shirin ya biyo baya. Manzo Bulus, a Romawa sura 5, ya kafa hujjarsa a kan lokacin da Almasihu ya mutu: tun mutane suna cikin zunubinsu, ba bayan sun gyaru ba. Saboda haka shiri ba farashi ba ne. Wanda ya ɗauki azumi, zakka da baiko a matsayin kafin alƙalami da zai sa Allah ya so shi, ya mayar da alheri cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Abin takaici, wa'azin "shuka iri" da ya cika wasu majami'u yau yana koyar da hakan ƙiri-ƙiri, kuma gwauruwa da marar aikin yi su ne suke komawa gida da tunanin Allah ya juya musu baya don hannunsu bai kai ba.

Shiri kuma ba lissafin kwanaki ba ne. A Amurka, mabiyan William Miller sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping ya maimaita kuskuren da 21 ga Mayu 2011, wasu suka ƙarar da ajiyarsu wajen tallata ranar. Tsoro ne ya shirya su, ba ƙauna ba.

Surar 'yan matan ita ce ta bayyana abin da shirin yake nufi, domin ta ƙare da shari'ar ranar ƙarshe, inda ma'aunin shi ne mayunwaci, baƙo, marar sutura, majinyaci da ɗan kurkuku. Dukkansu mutanen da ba za su iya ramawa ba ne. A shekarun 1930, lokacin da kuturu yake zaman bayan gari, ma'aikatan mishan na SIM sun karɓi jinyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina. Maganin dafson mai warkarwa bai bazu ba sai daga ƙarshen shekarun 1940. Kafin nan, yawancin aikin wanke gyambo ne da ɗaure shi kullum safiya, ga mutanen da mafi yawansu Musulmi ne. Ana iya muhawara kan manufofin mishan a zamanin mulkin mallaka, kuma ya kamata a yi, amma hannun da ya taɓa wanda kowa ke ƙyama ya yi abin da surar ta nema.

Misali mafi kusa yana Kaduna. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya samo asali daga Zangon Kataf. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka soma aikin sulhu tare. Abin da ya fi ratsa zuciya shi ne wanda Wuye ya faɗa da bakinsa: ya shafe shekaru yana tafiya tare da Ashafa alhali ramuwa na cinsa a ciki, har ranar da wani mai bishara ya tunasar da shi cewa ba a yi wa wanda ake ƙi wa'azin Almasihu. Fasto ne, da fitilarsa a hannu, amma man bai cika ba, kuma ba wanda zai iya ara masa. Shi ya sa masu hikimar nan biyar suka hana 'yan uwansu mai. Ba rowa ba ce. Gafara da tuba ba a gadonsu, ba a kuma fafe gora ranar tafiya.

Daga baya Wuye da Ashafa suka shiga tsakani har aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Yelwan Shendam a 2005, bayan kashe-kashen 2004.

Saboda haka, jama'a, duk mai riƙe da wani a zuci, ɗan uwa ne ko maƙwabcin wani addini, ya neme shi cikin makon nan. Shugabannin ikkilisiya kuma su duba kasafin kuɗinsu na bana, su ga nawa aka ware wa marasa lafiya da 'yan kurkuku.