Zinariyar Anka: jawabina a taron matasan jam'iyya

 

Duk wanda ya tashi zancen aikin yi, keken ɗinki da babur yake lissafa mana. Ni yau zancen ramin zinariya na kawo.

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, sai a Disamban 2024 minista Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin. To, a tsakanin nan an daina haƙa ne? Kun fi ni sani. Mai bindiga da dillalin da ke bayansa ne suka gaje kasuwar. Yaronmu shi ke shiga rami, shi ke shaƙar ƙura, a sallame shi da kuɗin garin kwaki.

Ƙurar nan kuwa mun san ta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ana kawo dutsen cikin gida, a daka shi a niƙa shi busasshe inda yara ke rarrafe. Sai da likitocin MSF suka zo. Bagega ma sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa.

Ga abin da tafiyarmu ke nema. Dokar ma'adinai ta 2007 ta san da ƙananan mahaƙa da ƙungiyoyinsu na gama kai masu rajista. Ɗan takarar da ke son ƙuri'armu ya ɗauki nauyin rajistar da neman lasisin, a kafa injin niƙa da ruwa can bayan gari, a ajiye sikelin da ba a yi masa hannu. A nan makaniki zai ci abinci, da mai walda, da direba, har mu masu difloma da muke ajiye da takarda a jaka, tunda ƙungiya sai da akawu.

Wani zai ce ina tsaron? Gaskiya ne, manomin fadamar Gummi ma tambayarsa ke nan. Amma ramin da ba shi da rajista, ba wanda za a tura ya tsare shi.

Kafin zama na gaba, kowane shugaban matasa na mazaɓa ya kawo sunayen mahaƙan da suka yarda su shiga ƙungiya.