Kafin Ka Tono Itace, Ka Yi Tsari



Da sakatare ya ce in yi magana a yau, sai na tuna da tsamiyar nan ta bayan ɗakin cin abinci, inda muke zama bitar karatu in jarrabawa ta matso. Ba wanda ya taɓa ganin an ba ta ruwa, amma ga ta nan har yanzu. To, a kan irinta zan yi magana, wato itatuwanmu na gado, da yadda mutum zai tsara musu wuri a gidansa.

Bari in fara da kuskurena. Shekara uku da suka wuce na sami fili zan yi gini. A ciki na tarar da 'yar tsamiya da goruba biyu, daidai inda magini ya ja layin ɗakuna. Cikin watan Maris, da rana tsaka, na sa leburori suka tumɓuke su, muka mayar da su bayan gida. Kafin mako biyu duk sun bushe. Da mahaifiyata ta gani sai ta ce, "Duk karatun nan naka, ko mai gadi ba ka tambaya ba?" Tun daga ranar na shiga tambaya, ga kuma abin da na koyo.

Na farko, a zana gidan a takarda kafin a taɓa komai. A nuna rijiya da masai da katanga da wayar lantarki. Manyan itatuwa kamar tsamiya da ɗorawa da kanya kada su kusanci gini da ƙasa da mita 10, domin saiwarsu tana fasa tushen gini. Mai ƙaramin gida ya nemi lalle ko magarya. Kuka ma ana iya shuka ta a kwali kamar alayyafo, ana tsinkar ganyenta, ba sai ta zama ƙatuwa ba.

Na biyu, ba kowane itace ne yake yarda da ƙaura ba. Goruba da giginya suna tura saiwa can ƙasa tun kafin su yi tsawo, saboda haka ƙwallonsu ake binnewa a inda ake so su zauna. In kuwa ka tarar da su a filinka, gara ka gusar da ɗakin. Ginin wata shida ne, amma kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya.

Na uku, lokaci. A jira damina ta kankama, wajen watan Yuli, a yi aikin da yamma. A fara haƙa sabon rami mai zurfin gwiwa, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. A jiƙa gindin itacen tun daren jiya, a tono shi da ƙasarsa, a naɗe da buhu. A rage masa ganye kamar rabi, a dasa shi daidai zurfin da yake a da, a ba shi ruwa nan take. Sai a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a riƙa duba gara. A kuma tuna, ƙarami ya fi kamawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwa, darbejiyar da ta cika titunanmu daga ƙasar Indiya aka kawo ta. Ta yi mana rana, amma ba ta ba da daddawa ko miyar kuka. Yawancin 'ya'yanmu ba su iya bambanta ɗinya da kanya, kuma laifin namu ne.

Roƙona shi ne, in damina ta zauna, kowannenmu ya dasa ɗaya a gidansa, ya kawo ɗaya wannan makaranta, domin tsamiyarmu ta sami magada.