A Ƙirga Zango Kafin a Ƙirga Gari

Jawabin da wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiyarmu a Dei-Dei, Abuja.

 

Shugaba ya ce in yi magana a kan tafiyar hutu da iyali zuwa Jamhuriyar Nijar, saboda an kusa ba yara hutu, kuma da yawanmu muna da dangi a Maraɗi da Damagaram. Ni dai ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da zan faɗa, hanya ce ta koya mini, wani da daɗi, wani kuwa da wuya.

Bari in fara da wuyar. Wata shekara na ɗauko mai ɗakina da yara huɗu da mahaifiyata, na yi shatar mota, na ce a kwana bakwai za mu taka gari shida. Garin tsaye-tsaye da gaishe-gaishe, ba mu isa bakin iyaka ba sai bayan magariba, an riga an tashi aiki. Nan muka kwana a kan tabarmar aro, sauro ya yi kwanan biki, da asuba ƙaramin ya tashi da zazzaɓi. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Alhaji, mu ka kawo ziyara, ko hanya ka kawo mu gani?" Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

To jama'a, kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro, madugu ba ya tashin ayari sai ya san inda za a yada zango kafin rana ta faɗi. Haka ya kamata mu yi. Kafin ka ce gari kaza da gari kaza za mu je, fara tambayar kanka: kowace rana ina za mu kwana, kuma za mu isa da sauran rana?

Ga yadda nake bi yanzu. Ranar farko, jirgin ƙasan safe daga tashar Kubwa, ga ta nan kusa da mu, zuwa Rigasa a Kaduna. Jirgin ya fara aiki a 2016. Kun tuna harin da aka kai masa a watan Maris na 2022, wanda ya sa aka tsayar da shi har Disamba na shekarar. Saboda haka a tabbatar yana aiki a ranar, a kuma yanki tikiti da wuri. Amfaninsa ga mai iyali shi ne akwai bayi, tsoho kuma zai iya miƙe ƙafa. Daga Rigasa sai tashar Kawo, a hau motar Kano. Wanda ya fi son mota tun daga nan, ga tashar Zuba, amma ya shiga ta farko, ban da ta azahar. Kano zango na ɗaya, a kwana biyu a huta, a kai yara su ga Dala da karofin Ƙofar Mata.

Daga Kano a yi sammako a nufi Daura, a tsaya a rijiyar Kusugu, a tsallaka iyaka a Kongolam da hantsi, a bi ta Matamai a shiga Damagaram. Ita ce hedikwatar Nijar har 1926 da Faransawa suka mayar da ita Yamai. Fadar Sarki da unguwar Birni kaɗai sun isa yini guda. Daga can a kama babban titi ta Tasawa zuwa Maraɗi, wajen kilomita 240. A wannan tsakanin manyan bas-bas irin na Rimbo sun fi ƙananan motoci, suna da lokacin tashi, kowa da kujerarsa. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba. Ka ga an yi zagaye ke nan, ba a maimaita hanya ba.

Amma a nan sai an yi hattara. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kowa ya sani. Dalilin da ya sa nake barinta ta zama ta dawowa, in kana Maraɗi za ka sami direbobin da suka biyo ta a ranar, ka tambaye su. In sun ce lafiya, ka bi da safe. In ka ga suna kame-kame, ka koma ta Takeita da Matamai ka fito ta Daura. Kuɗin mota zai ƙaru, amma ran iyalinka ba shi da farashi. Matambayi dai ba ya ɓata.

Wani zai ce, tunda an zo Maraɗi, a ƙarasa Yamai mana. Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi, yini guda zuwa, yini guda dawowa. In hutun bai kai mako biyu ba, a bar ta sai wani jiƙon.

Sai takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba mu damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza. To Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Saboda haka kada wanda ya dogara da "ai an san ni a bakin boda". Kowa ya riƙe fasfonsa, har yara, da katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Kuma iyaka abar rufewa ce. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. A riƙa sauraren rediyo, a kuma ajiye kuɗin kwana uku a gefe wanda ba a taɓawa.

Mai son zuwa da motarsa, ya sani akwai takardar shigar da mota da ake karɓa wajen 'yan duwan, ga inshora, ga shingayen jandarma. In ba ka saba ba, ka ajiye ta a Kano ka hau ta haya, hankalinka ya fi kwanciya.

Kuɗi kuma, lokacin da muke samari naira guda tana sayen sefa da yawa. A 2024 kuwa, sai da mutum ya ba da fiye da naira biyu kafin ya sami sefa guda. A yi lissafin masauki da abinci da sefa tun daga gida. A koya wa yara ƙirgensu: dala ita ce sefa 5, dala ashirin 100 ke nan, jika kuwa 1,000.

In akwai tsoho ko mai juna biyu a ayarin, a dawowa a sa su a jirgin sama daga Kano zuwa Abuja, sauran su biyo ƙasa. Da na yi wa Hajiya haka tun farko, da ban sha waccan magana ba.

Na ƙarshe, malamanmu sun karantar da mu a naɗa shugaba ko da mutum uku ne ke tafiya. In gida biyu ko uku za su haɗu, a zaɓi mutum ɗaya mai yanke lokacin tashi. Matafiyi yana da sauƙin yin ƙasaru, amma inda ya yi niyyar zaman kwana huɗu sai ya cika sallarsa.

Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne. A je a ga dangi, yaranmu da aka haifa a Abuja su san inda aka fito. Duk mai shirin tafiya ya same ni bayan an tashi, mu zauna da takarda da biro mu tsara zangonsa.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.