Aikin Jinya da Harkar Filaye da Gidaje: Iyakar Abin da Ke Haɗuwa

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, ma'aikatan jinya da ungozomomi da dama a biranen Arewa suka shiga neman abin da za su tallafi albashinsu da shi, kuma harkar filaye da gidaje tana cikin sana'o'in da suka fi ɗaukar hankalinsu. Dalilan hakan a fili suke. Aikin asibiti na karɓa-karɓa ne, wato an raba shi zuwa aikin safe da na yamma da na dare, kuma a asibitoci da yawa wanda ya yi jerin kwanakin aikin dare yakan samu kwanakin hutu a jere, abin da ma'aikacin ofis ba ya samu. Dillanci kuwa ba ya buƙatar shago ko jari, jarinsa waya ce da sanin jama'a, kuma da wuya a samu ma'aikacin da ya kai nas sanin jama'a. Ga kuma dubban ma'aikatan jinya da suka tafi Ingila da Amurka da Saudiyya, waɗanda in sun tara abin sayen fili a gida, tsohon abokin aikinsu suke fara nema, domin shi suka yarda da shi.

Sai dai kafin a yanke hukunci kan dacewar haɗa ayyukan biyu, wajibi ne a rarrabe abubuwa uku da bakin jama'a ya saba curewa wuri guda. Na farko shi ne mallaka, inda mutum zai sayi fili ya ajiye, ko ya gina gida ya zuba 'yan haya. Na biyu shi ne kula da gidajen wasu, wato karɓar kuɗin haya da bin gyare-gyare a madadin mai gida. Na uku shi ne dillanci, wato haɗa mai saye da mai sayarwa domin samun la'ada, wani kaso na kuɗin ciniki da yakan kama daga biyar zuwa goma cikin ɗari gwargwadon gari da yarjejeniya. Mafi yawan ruɗanin da ake samu a wannan batu ya samo asali ne daga ɗaukar ukun nan a matsayin abu ɗaya, alhali abin da kowannensu yake ci na lokaci da hankali ya sha bamban, haka ma matsayinsu a gaban doka.

Dokar kuwa ba ta yi shiru ba, ko da yake kaɗan ne daga cikin ma'aikata suka taɓa karanta ta. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, ya hana ma'aikacin da aka ɗauka aiki na cikakken lokaci shiga cikin gudanar da kowane irin kasuwanci ko sana'a ta kashin kai, in ban da noma, kuma ya hana shi jefa kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikin da aka ba shi. Wannan ya shafi nas ɗin da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kamar yadda ya shafi babban sakatare a ma'aikata. Mallakar fili ko gida ba ta shiga cikin hanin ba, abin da ake nema dai shi ne a bayyana kadarar ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma buɗe ofishin dillanci da buga kati da sunan mutum yana cikin aikin gwamnati ya shiga tsakiyar abin da aka hana. Cewa ba a cika gurfanar da ƙananan ma'aikata a kan haka ba bai mayar da shi halal ba, ya dai bar makami a hannun duk wanda wata rana ya so yin amfani da shi. Wanda ke aiki a asibiti mai zaman kansa wannan hani bai hau kansa ba, takardar ɗaukarsa aiki ce za ta faɗi iyakarsa.

Ko da an ajiye batun doka, ita kanta harkar ƙasa ilimi ce da ba a tsintarsa a ranakun hutu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da mutum yake saye shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka take tabbatarwa, kuma sauya hannun irin wannan haƙƙi yana buƙatar amincewar gwamna. A zahiri kuwa, babban kaso na cinikin da ake yi a gefen birni kamar Kano na filayen awon igiya ne, wato gonakin da masu su suka yanka fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, inda hujjar mai saye ba ta wuce takardar ciniki da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci ba. Dillalin da ya san aikinsa sai ya taka ƙafa ya je wurin, ya ga turakun iyaka da idonsa, ya tambayi maƙwabta, ya bincika ko gonar ta gado ce kuma ko dukkan magada sun sallama, ya leƙa ofishin bayanan filaye na gwamnati, kamar KANGIS ko KADGIS ko AGIS, ya tabbatar ba a sayar wa wani ba kuma hanya ba za ta bi ta kai ba. Tsakanin mai fili da mai saye kuma sau da yawa akwai jerin 'yan kayi-nayi, kowa da abin da ya ɗora a kan farashi, kuma sabon shiga shi ne yakan kasance na ƙarshe a jerin, shi ne kuma wanda mai saye ya sani, saboda haka ƙofarsa za a buga ranar da rikici ya tashi. Ƙiyasin darajar kadara kuwa aiki ne da doka ta keɓe wa waɗanda hukumar ESVARBON, da aka kafa a 1975, ta yi wa rajista, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan biyar ba ta hannun banki ba.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne batun lokaci, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa yake kuskurewa, domin suna ƙirga sa'o'in da ba sa asibiti su ɗauka duk nasu ne. Kwanakin da ake bayarwa bayan aikin dare an bayar da su ne don jiki ya biya bashin barci, kuma wanda ya kashe su a rana yana zagayen fuloti zai koma bakin aiki da gajiyar da majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗarta. Wani bincike da Ann Rogers da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2004 ya nuna cewa haɗarin yin kuskure yakan ninka kusan sau uku idan ma'aikacin jinya ya yi sa'o'i goma sha biyu da rabi ko fiye a bakin aiki, kuma babu dalilin zaton cewa gajiyar da aka kwaso daga wajen asibiti ta fi wadda aka tara a cikinsa sauƙi. Bugu da ƙari, dillanci bai san jadawali ba. Mai saye yakan kira ne a lokacin da kuɗi suka shigo hannunsa, mai fili kuma yana iya cewa albarka da safe ya sallama wa wani da yamma, don haka dillalin da bai ɗaga waya ba ya rasa ciniki. A ɗauki nas a ɗakin yara da ƙarfe goma na dare, tana lissafin adadin maganin da za ta zuƙa a sirinji gwargwadon nauyin jariri, tana ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, wayar da ke aljihun rigarta kuma tana ta motsi saboda mai saye yana son a karɓi kafin alƙalami a daren. Ko ba ta ɗaga ba, rabin hankalinta ya riga ya fita daga ɗakin, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba, wato na amana. Ma'aikacin jinya yana jin abin da ba kowa ke ji ba: ya san iyalin da kuɗin magani ya ci ƙarfinsu har suna shawarar sayar da gona, ya san attajirin da ke kan gargara da magadan da suka fara raba gidaje a bakin ƙofar ɗaki. Amfani da irin wannan sani don neman ciniki cin amana ne ko da farashin ya yi adalci, domin majinyaci da danginsa ba su da sakewar da za su ce a'a ga wanda allurarsu take hannunsa. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, tana da kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunan ma'aikaci daga rajista, kuma babu la'adar da ta kai darajar lasisin da aka yi shekaru ana karatu kafin a samu.

Abin da ya rage, kuma ba kaɗan ba ne, shi ne mallaka. Ita ce kaɗai daga cikin ukun da take jure wa jadawalin asibiti, domin fili ba ya kiran waya, gidan haya kuma ana iya damƙa shi ga wakili a biya shi ladansa. Ma'aikatan jinya suna da hanyoyin shiga, kamar ƙungiyoyin gama-kai na asibitoci da ke sayen fili babba su yanka wa mambobi ana cirewa daga albashi, da kuma Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake zuba masa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, kuma mai zubawa yana da damar neman rancen gida daga cikinsa, ko da yake ruwan kashi shida cikin ɗari da ke kansa yana sa Musulmi da yawa su ja da baya. Wanda kuwa ya ga zuciyarsa ta karkata ga dillanci sosai, hanyar mutunci ita ce ya koma aikin wucin gadi a asibiti mai zaman kansa ko ya jira ritaya, ya nemi ilimin harkar, ya yi rajistar kasuwancinsa. Ya kamata Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ta Ƙasa da shugabannin makarantun jinya su riƙa bayyana wa ɗalibai waɗannan iyakoki tun kafin su karɓi albashin farko, gwamnatoci kuma su sani cewa muddin albashin nas bai kai shi ƙarshen wata ba, za a ci gaba da cinikin fili a barandar asibiti.