Na'urar Gano Ƙarfe: Mai Sauƙi Ko Mai Tarin Maɓallai?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Dalilin tsayuwarmu a gabanku shi ne wata buƙata da ta yawaita daga gida. Da yawa daga cikinmu mazauna birane, ƙane ko ɗa ya taɓa bugo mana waya yana roƙon a saya masa "injin zinariya". Tun da labarin zinariyar Jado da ke arewacin Nijar ya bazu a shekarar 2014, wannan na'ura ta shiga ran matasanmu. Wanda aka roƙa kuwa, sau da yawa bai san bambancin wata da wata ba, sai ya ɗauka mafi tsada ita ce mafi alheri.

Na'urorin nan iri biyu ne manya. Mai sauƙin, irin su Garrett Ace 250, faifanta yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, idan ya ci karo da ƙarfe sai ta yi ƙara. Ba ta da nauyi, maɓallanta kaɗan ne, tana kuma iya bambance ƙusa da tsabar kuɗi. Sai dai ba ta jin kwabo fiye da zurfin santimita 20 zuwa 30, sannan jar ƙasarmu da marmara, waɗanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe, sukan ruɗa ta, ta yi ta kuka babu komai.

Babbar kuwa, irin su Minelab GPX 5000 ta ƙasar Ostireliya, bugun lantarki take aikawa a jere, don haka ta fi nutsawa, jar ƙasa kuma ba ta cika damunta ba. Amma kuɗinta ya ninka na ƙaramar sau da dama, tana da nauyi, saitinta yana bukatar horo, kuma ba ta ƙware wajen tantance ƙarfe ba. Wanda bai iya ta ba, zai yini yana tono gwangwani. Ga kuma jabunta da suka cika kasuwa.

A Ingila, inda mutane ke wannan nema don nishaɗi, wani mai suna Terry Herbert ya gano dukiyar tarihi a wata gona ta Staffordshire a shekarar 2009, wadda ta ƙunshi zinariya kimanin kilo 5. Da tsohuwar na'ura ta hannu ya same ta, bayan shekaru yana gwaji. Kunne da haƙuri suka yi aikin, ba yawan maɓallai ba.

'Yan uwa, ga abin da dillalai ba sa faɗa. Babu na'urar hannu da ke hango zinariya daga nesa, ko a zurfin mita 10. Ba ta kuma jin garin zinariya da ke warwatse cikin dutse. Irin wannan dutsen ne aka riƙa niƙawa a cikin gidaje a Zamfara, har gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a shekarar 2010. Matashin da na'ura ta ba shi kunya, can yake komawa.

Akwai kuma doka. Dokar ma'adanai ta shekarar 2007 ta tabbatar da cewa dukkan ma'adanai mallakar Gwamnatin Tarayya ne, ba a haƙa sai da lasisi. Kufai da tsofaffin ganuwa kuwa gadon kakanninmu ne. Abin da aka tsinta a cikinsu, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa za a sanar.

Shawararmu ita ce, kada kowa ya sayar da gona ko ya ci bashi saboda wannan na'ura. Mai sha'awa ya fara da ƙarama, daga dillalin da kamfani ya amince da shi. Ya binne ƙusa da zobe da kwabo a bayan gida, ya koyi muryar kowanne, ya kuma nemi izinin mai gona kafin ya sa magirbi. Idan bayan shekara guda ƙaramar ta yi masa kaɗan, to a lokacin ne za a yi batun babba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.