Ƙazantar Gari Da Haƙƙin Mutanen Gangare

 

Ya ku 'yan'uwa, babu ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala face ya ci karo da hukuncin ruwa, cewa idan najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, to ba ya halatta a yi tsarki da shi. Sai dai wannan ma'auni na ibada ne. Ƙwayar cutar kwalara ba ta jirkita ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku, saboda haka ruwa yana iya inganta ga alwala alhali kuwa ya hallaka yaron da ya sha shi. A shekarar 2021 kaɗai, fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa.

Daga ina ƙazantar take shiga ruwa? Ku dubi Kogin Challawa. Yana kwasar dagwalon masana'antun jima na Kano, ya haɗu da Kogin Kano, ya ratsa Wudil, ya nufi Haɗeja. Laifin masana'antu sananne ne. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne laifin ƙananan garuruwan da ke bakin irin waɗannan koguna: ruwan kwata, da jini da tumbin mayanka, da motar da ta yashe masai ta je ta juye a rafi da dare. Ko wane gari yana sha daga sama, ya zubar wa na ƙasa da shi. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal (RA) cewa yin bayan gida a mashayar jama'a yana cikin abubuwan da ke jawo tsinuwa. Idan wannan shi ne matsayin mutum guda, to ina ga garin da ya karkata magudanarsa baki ɗaya zuwa kogi?

Wasu za su ce tace ruwa sai manyan injuna da wutar lantarki. Ba haka lamarin yake ba. Ƙaramin gari yana iya wadatuwa da tafkuna uku a jere, a bayan gari. Na farko mai zurfi ne, kamar mita 3 zuwa 5, inda dauɗa take kwantawa ta ruɓe. Na biyu bai wuce mita 2 ba. A nan gansakuka take samar da iskar da wasu ƙananan halittu ke buƙata don cinye ragowar ƙazantar. Na uku kamar mita 1 ne, domin hasken rana ya ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan yakan ɗauki makonni kafin ya fita, kuma zafin ƙasarmu, wanda muke kuka da shi, shi ne ke gaggauta aikin. Sharaɗi dai shi ne a riƙa nome ciyawar gefe don kada sauro ya samu mafaka, a kuma kwashe laka bayan 'yan shekaru. Gubar jima kuwa ba a dogara da tafki wajen kawar da ita. Wajibi ne masana'anta ta tace nata tun a harabarta.

Ga mai shakka ta fuskar Shari'a, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke a shekarar 1398 bayan Hijira (1978) cewa ruwan ƙazanta, idan aka tace shi sarai har alamar najasa ta gushe, ya koma mai tsarki. Ruwan tafkunan nan bai kai matsayin sha ba, amma yana da amfani ga itatuwa da gonaki, kuma ya fi sauƙi ga kogi nesa ba kusa ba.

Babban abin da wannan tsari ke buƙata shi ne fili, kuma filayen bayan gari ana ta yanka su fuloti-fuloti. Don haka ina kira ga kwamitocin masallatanmu su tunkari shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai, a keɓe fili a gangaren gari tun bai ƙare ba, a kuma ayyana wa masu yashe masai wurin juyewa guda ɗaya, nesa da rafi da rijiyoyi.