Gyaɗa da Ciwon Sukari: Jawabi ga Taron Ɗalibai 'Yan Ƙasar Daura



Mu da muka tashi a Zango, gabas da birnin Daura, daf da iyakar Nijar, ba mai koya mana darajar gyaɗa. Kakanninmu sun noma ta sun biya haraji, an yi dala da ita a Kano, kafin farin 1973 da cutar da ta afka mata a 1975 su karya cinikinta. Yau kuwa so muke mu dube ta ta fuskar lafiya.

Dalilinmu shi ne ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 108 a 1980 zuwa miliyan 422 a 2014. Yawancinsu manya ne masu ƙiba. Mu kuwa har gobe in ɗan'uwanmu ya kama aikin gwamnati ya ajiye tumbi, sai mu ce ya samu sakewa. Alhali kitsen ciki shi ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Mai ƙiba ya ci farar shinkafa ko burodi, ya kora da lemon kwalba, sai sukari ya taru a jininsa, ya daɗe bai sauka ba.

To, ina gyaɗa ta shigo? Kusan rabin nauyinta mai ne, kwata guda kuma abincin gina jiki, ga dusa, sitacinta kaɗan ne. Saboda haka ba ta saurin narkewa, ba ta kuma ɗaga sukari farat ɗaya. Tana riƙe ciki, ta hana yawan ciye-ciye. A 2002 masanan Jami'ar Harvard ta Amurka suka bayyana sakamakon bin diddigin mata ma'aikatan jinya fiye da 80,000 har shekara 16. Waɗanda ke cin gyaɗa da danginta sau biyar ko fiye a mako, haɗarin kamuwarsu ya gaza na marasa ci da kashi 27 cikin ɗari. Wannan alaƙa ce aka gani, ba a ce gyaɗa magani ce ba.

Sai dai akwai sharaɗi, shi ne kuma zuciyar jawabinmu. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 560, wato mai ƙiba da ya tasa kwano gaba ƙara wa kansa kaya yake yi. Cikin tafin hannu guda a yini ya wadatar, kuma a madadin biskit da cincin, ba ƙari a kansu ba. Alawar gyaɗa da kunun da aka cika wa sukari ba sa cikin wannan lissafi. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, domin gubarta na jawo ciwon dajin hanta.

'Yan'uwa, gobe mu ne a kan kujerun ofis. Idan mun je hutu, mu raka iyayenmu asibiti a auna musu jini. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya yar da shi don ya ji labarin gyaɗa. Mu kuma mu rage zaƙi, mu taka ƙasa da ƙafarmu, don rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.